Tattakin Malam Shu'ibu a Gandun Gauraka

Shekarar da Mukhtar ya biya wa mahaifinsa kujerar Makka, a shekarar ce gwiwar Malam Shu'ibu ta fara ba shi wahala. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa a Haɗeja, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Malam Shu'ibu dattijo ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen sasanta manoman shinkafa da masunta da makiyaya a kan ruwan fadama. Daga nan har garin Malam Madori da wuya ka sami mai gona ko mai koma da bai taɓa zama a tabarmarsa ba. Ba ya dariya a banza, ba ya son a taimake shi, ko buta ba ya yarda a miƙo masa.

Mukhtar shi ne ɗansa na fari, ma'aikacin jinya ne a Dutse, kuma tare za su yi tafiyar. Da ya zo gida ya ga tsohon yana dafa bango kafin ya miƙe daga sujada, sai ya ce ba komai, akwai keken guragu, shi da kansa zai tura shi a ɗawafi da Safa da Marwa. Ina zaune a zauren aka yi maganar. Malam bai taɓa kama sunan yaron ba tun da aka haife shi, kuma ranar ma bai kama ba.

"Kai wannan," ya ce, "na jira ɗakin Allah har gemuna ya yi fari, sannan in je a zagaya da ni kamar buhun gero? Da ƙafata zan yi."

Mukhtar bai ɗaga kai ba, amma bai janye ba. Ya ce ya sha ganin tsofaffi sun faɗi a cikin turmutsutsu, kuma ba zai dawo ya kalli idon innarsa ba idan haka ta faru. A ƙarshe suka tsayar da magana. Idan Malam ya taka daga ƙofar Gandun Gauraka zuwa bakin kogi, ya dawo, ba wanda ya ɗauke shi, ba wanda ya riƙe shi, to an bar zancen keke. Mukhtar zai zo ya gani da idonsa kafin a kama azumi, don bayan salla zafi ba zai bar tsoho ya yi wannan tafiya ba.

Gandun Gauraka wani yanki ne na fadama da hukuma ta keɓe saboda tsuntsaye. Hanyarsa ɗaya ce, a kan jingar da aka tare ruwa da ita, ta bi ta cikin goruba, ta ratsa gonakin shinkafa da doguwar ciyawar ruwan nan da ake kira kachala, ta ƙare a kogi. Rabin shekara tana ƙarƙashin ruwa. Sai ambaliya ta janye ake buɗe ƙofa, lokacin da kirinjijiya da zalɓe da wasu baƙin tsuntsaye daga ƙasashe masu nisa suke cika tafkuna. A lokacin ne za ka ga 'yan makaranta da masu yi wa ƙasa hidima da ma'aikatan ofis, kowa da jaka a baya da gorar ruwa a hannu, suna tafiya ba aike ba, ba biɗar abinci ba. A zamaninmu wanda ya yi haka wurin mai magani ake kai shi. Yanzu kuwa sunansa motsa jiki.

Da farko Malam ya ce zai fara saba ƙafa a cikin gari. Bai wuce masallacin unguwa ba 'yan acaɓa biyu suka tsaya suna gardamar wanda zai ɗauke shi. Washegari mai shagon bakin titi ya rufe shago ya fito da mota. Sai ya ce gara can cikin gandun, inda kowa ma tafiya yake yi, ba wanda zai kula da shi. Ya ce in raka shi, na raka shi.

Ahmed mai tsaron ƙofa yana ganinmu ya ruga ya ɗauko kujera. Da ƙyar muka wuce shi. Mun shiga cikin goruba ke nan, Malam ya fara samun numfashinsa, sai ga Kolo masunci ya fito daga kachala, ruwa yana zuba daga wandonsa. Shekarun baya Malam ne ya hana a kore shi daga tafkin da yake su. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya tambayi inda za mu. Da ya ji bakin kogi, sai ya jawo kwalekwalensa.

Malam ya yi masa godiya, ya ce tafiyar ce yake so. Kolo ya dube shi kamar an zage shi.

"Na rantse da Allah, Baba, ba ka taka wannan jingar ina raye. Sai ka hau."

Nan fa aka tsaya. Mutum ya rantse. Idan Malam ya ƙi hawa, ya ɗora wa talaka kaffara, kuma shi da bakinsa ya sha yi wa mutane faɗa a kan karya rantsuwar ɗan'uwa. Ya tsaya yana taunar leɓe, sannan ya tattare rigarsa ya shiga jirgin. Aka kai mu bakin kogi a zaune, aka dawo da mu a zaune, aka haɗo mu da bandar tarwaɗa.

A cikin jirgin Malam ya yi ƙoƙari ya fahimtar da Kolo cewa saboda gwiwa yake tafiyar, don ta yi ƙwari. Abin da Kolo ya ji kawai shi ne Malam ba shi da lafiya. Kafin mu koma karo na biyu zancen ya game fadama. Muka tarar da amalanken shanu tana jira a bayan ƙofa, an shimfiɗa mata tabarma. Wani ya zo da man shafawa, wani da sassaƙe, wani ya ce kakarsa ta san mai ɗori a Jahun. Mai amalanken bai ma tsaya gaisuwa ba, da rantsuwa ya fara, don ya ji ita ce ke aiki. Malam ya hau, fuskarsa kamar hadari. Wasu samari masu gajeren wando suka wuce mu da sauri suna dariya da junansu, ba wanda ya ce musu ku hau, ba wanda ya ce musu ku sauka.

Ya gwada sammako, ana idar da sallar asuba. Ya manta masunta sun riga kowa tashi. Ya gwada ranar kasuwa, yana tsammanin fadama za ta zama wayam, sai ya faɗa hannun masu kai shinkafa gari, kowa da jakinsa. Daga nan ya yi abin da ban taɓa zaton zai yi ba. Ya ajiye babbar riga, ya sa wata tsohuwar jamfa da ta koɗe, ya kifa malfa har gira, ya ce kada in bi shi. Ya kai har wajen gonakin shinkafa kafin tari ya tona shi, don duk fadamar nan ba wanda bai san gyaran muryarsa ba. Wannan karon abin ya fi muni. Aka ce Malam ya karye, har ya sayar da riguna, kunya ta hana shi faɗa. Kafin la'asar buhunan shinkafa sun fara isowa zaurensa, masu kawowa suna ajiyewa suna gudu don kada ya mayar.

Na same shi zaune a tsakaninsu yana huci. Ya ce shi bai taɓa sanin girmamawa tana iya zama sarƙa ba sai bana. Ya ce da maƙiya ne suka tare masa hanya da ya san yadda zai yi da su, amma wa zai kai ƙara, ya ce me? Na ce ya tara su ya yi musu bayani a masallaci. Ya yi, ranar Juma'a. Suka ce sun ji, Allah ya ba Malam lafiya. Kowa ya tafi da niyyar cewa sauran mutane su ƙyale shi, amma shi kam, da irin alherin da Malam ya yi masa, ba zai gan shi a ƙasa ya wuce ba.

Watan Sha'aban ya tsaya, ya fara girma. Gwiwar tana nan yadda take, don duk zirga-zirgar nan a zaune ya yi ta.

Mairam, matarsa, ita ta kawo shawara. Mutanenta daga wajen tafkin Chadi suke, an kawo ta gidan tun tana yarinya, kuma ba mai yawan magana ba ce. Ta katanga na jiyo su, tana tsintar shinkafa a faifai, shi yana ta mita a kan wani ma'aikaci da ya gani a gandun tafe da matarsa, suna nuna wa juna tsuntsaye, ko kunya babu.

"Su an tare su?" ta tambaya.

Ya ce wa zai tare su, kowa ma kau da kai yake yi.

"To, Malam, ai ka ga hanyar. Wane namiji ne a fadamar nan zai tunkari mutum yana tafe da iyalinsa?"

Sai ya tashi da faɗa. Ya ce tun da aka ɗaura musu aure ba su taɓa jerawa a titi ba. In biki ne ta tafi da mata, in asibiti ne ita a gaba da yara, shi daga baya. Yanzu da furfura zai fita yawo da mace a gaban mutanen da yake yanke wa hukunci? Ta ce ita ba ta ce dole ba, ta ci gaba da tsintarta. Ni ma da ya tambaye ni, na ce ban ga dacewarsa ba. Haka aka rene mu.

Abin da ya karya shi keken ne. Mukhtar ya aiko da shi a motar haya, wai tsoho ya fara sabawa da zama a ciki, ya kuma ce yana nan tafe ranar Asabar, ita ce ta ƙarshe kafin azumi. Aka jingine keken a zaure, kusa da buhunan shinkafa. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya dube shi, ya dubi Malam, ya ce Allah ya sawwaƙe. Ran Juma'a da yamma na ji shi ta katanga, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ke, gobe ki nemi babban mayafi. Kuma ba hira za mu je yi ba."

Da safe muka isa ƙofar gandun. Ni da Mukhtar muka tsaya baya, muka ba su rata, yadda za mu gani ba tare da mun shiga tsakani ba. Ahmed ya taso da kujerarsa kamar kullum, ya hango mayafi, ya tsaya cak, ya juya ya shiga gyara ƙafar kujerar da ba abin da ya same ta. Malam ya wuce da sandarsa, Mairam tana dab da kafaɗarsa. Ta sa sababbin takalma masu rufi da Bushira, matar Mukhtar, ta aiko mata, don ta ce ba za ta fita gaban jama'a da silifa ba.

Abin da na gani a jingar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Mai amalanke ya hango su, ya karkata shanunsa cikin gona. Masu yankan kachala suka sunkuya kamar an ce wanda ya ɗago za a ci shi tara. Kolo ya taso da jirginsa da sauri, har ya buɗe baki, sai ya ga wadda ke gefe. Ya juya jirgin ya ba su baya, ya gaishe da kachala da babbar murya, ya tambaye ta gajiya. Malam ya amsa wa goruba.

Iska tana kawo mana maganarsu jefi-jefi. Mairam ta tsaya a wani tafki da kirinjijiya suka rufe, ta ce rabonta da ganin ruwa shimfiɗe haka tun tana gidan ubanta. Ya ce ta rage murya. Ta nuna masa gauraka biyu suna taku a cikin shinkafa, ta ce wancan mai ɗingishin ya fi shi sauri. Ya ce ba kallo ya kawo su ba. Amma na lura ya tsaya ya duba, ya kuma samu ya huta ba tare da ya ce ya gaji ba. Daga nan duk inda numfashinsa ya fara sama, sai ta ga wani tsuntsu.

Rana ta ɗaga sosai kafin su kai bakin kogi. Malam ya taɓa ruwan da sandarsa, ya juyo ya dubi inda muke, don ɗansa ya shaida. Mukhtar ya gyaɗa kai. Saura komawa.

A nan ne Mairam ta zauna a gindin wata goruba ta cire takalmi. Diddigenta duka biyu sun saluɓe, jini ya manne da safa. Ashe tun cikin gonakin shinkafa take tafiya a haka ba ta ce komai ba. Ta ce ba wani abu ba ne, za ta koma ba takalmi. Ta miƙe, ta taka busasshiyar laka mai kaifi, ta koma ta zauna.

Fanna, matar Kolo, tana bandar kifi a kusa. Ita mace ce, kunyar da ta ɗaure maza ba ta shafe ta ba. Ta zo ta kama ƙafar ta duba, ta yi salati, ta faɗa wa Malam maganar da ba namijin da ya isa ya faɗa masa, cewa an fito da baiwar Allah an wahalar. Ta wanke ciwon, ta ɗaure da tsumma, ta jawo jakinta ta ce yanzu za ta kai ta ƙofa.

Na dubi fadama. Kawuna sun fara ɗagowa daga cikin kachala. Kolo ya riga ya juyo da hancin jirginsa. Kowa ya gane cewa da zarar jakin nan ya yi gaba, Malam ya zama shi kaɗai, kuma rantsuwa tana bakin mutum goma. Shi ma ya gane. Mukhtar ya matsa zai yi magana, na riƙe masa hannu.

Malam ya daɗe yana kallon tsumman da ke ƙafar matarsa. Sannan ya ce wa Fanna ta ɗora ta, amma kada jakin ya wuce takunsa.

"Ni zan biyo ku a baya."

Fanna ta ce, "Baba, a baya? Mutane na kallo fa."

"Na ga suna kallo. Ja mu tafi."

Haka aka dawo. Fanna a gaba riƙe da igiya, Mairam a kan jaki ta ja mayafi ta rufe fuska, Malam Shu'ibu a ƙasa yana bin sawun jaki da sandarsa. Mutumin da ake sauka daga kan keke a gaishe shi. Maza suka koma suka sunkuya, amma wannan karon na ga kafaɗu suna rawa don dariya. Wasu 'yan mata masu jaka a baya suka ɗaga waya za su ɗauki hoto, Mukhtar ya roƙe su suka sauke.

Komawar ta fi zuwan tsawo. A cikin goruba gwiwar ta fara lanƙwashewa, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Mairam ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, ya dafa bayan jakin ko kaɗan ne, ba wanda zai ce an riƙe shi. Ya ce ta kula da ƙafarta. Sau biyu ya tsaya ya jingina da sanda har na ce shi ke nan, sau biyu Fanna ta tsayar da jakin tana yi kamar igiya ce ta harɗe. Ahmed ya ajiye kujera a cikin ƙofa, Malam ya wuce ta, sai da ya fita waje ya zauna a kan wani kututture.

Mukhtar ya tsuguna a gabansa ya taɓa gwiwar, ya danna nan, ya danna can. Ya ce zai koma da keken. Amma ya ce tafiya ɗaya ba ta isa ba, sai an ci gaba ko a cikin gari ne, da sanyin safiya, har ranar tashi zuwa Makka.

Malam ya ɗaga kai. Ya dubi Mairam a kan jaki ya ce, "Da kin sa silifanki da duk ba a yi haka ba."

Kafin a ga watan azumi labarin ya kai har garin Miga. Mutanen da suka hana shi taka ƙasa saboda girmansa, su ne suka zauna a majalisa suna cewa tsufa ya taɓa Malam, wasu suka ce ba banza ba, matar ta yi masa wani abu. Wani manomi da aka yanke wa hukuncin da bai so ba ya ce shi ba zai ƙara kai ƙara wurin mai bin jakin mata ba. Na yi faɗa har muryata ta dushe, ba wanda ya ji. Malam ya daina fitowa majalisa bayan la'asar, kuma da na yi masa zancen ya ce in bar shi.

Keken dai ya koma Dutse a bayan motar Mukhtar. Diddigen Mairam ya warke a cikin azumi. Yanzu kullum da safe ina jin ƙarar ƙofarsu, in leƙa in gan ta tsaye a bakin zaure da babban mayafi da tsofaffin silifa, tana jira. Shi kuma yana ciki yana neman sandarsa, yana mitar cewa garin nan ba a bar mutum ya yi komai cikin mutunci. Sannan ya fito, su bi ta bayan masallaci, 'yan acaɓa suna kau da kai.